Zauren Malamai: Waya Ɗaya, Yara Ɗari, Babu Wuta

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: an ce mu shigo da fasahar zamani cikin aji, to da me za mu shigo da ita? Na taƙaita wasu saboda fili, sunaye kuma na cire su kamar yadda muka saba.

Kafin mu shiga, ga sikelin da nake auna duk abin da aka ce mini kyauta ne a intanet. Zai yi aiki bayan an kashe data? Waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya za ta wadatar? Zai yi a ajin da ko soket babu? Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, shafin da ba a biya kafin a shiga amma yake shanye data, a aljihun malami na kuɗi ne. Don haka yawancin abin da zan ambata irin wanda ake saukewa sau ɗaya ne a ci gaba da mora.

TAMBAYA: Malam, 'yan aji biyu na firamare nake koyarwa, sun haura ɗari, wasu a ƙasa suke zama. Littafin karatu ɗaya gare mu, shi ma bangonsa ya tafi. Wayata ƙaramar Android ce, makarantar kuma ba wuta. A taron bita an ce mu riƙa amfani da fasaha, ni dai na yi shiru na karɓi kuɗin mota na dawo. Akwai abin da zan iya yi da gaske? Daga wata malama a Funtuwa.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, kuɗin motar kuma halaliyarki ce. Akwai abin yi, amma ki fara cire tunanin cewa yaran ne za su riƙe wayar. Wayar taki ce, aikinta ta kawo miki abin da babu a makarantar, wato labaran karantawa.

Shafuka uku zan nuna miki. African Storybook na wata cibiya ce ta Afirka ta Kudu mai suna Saide. StoryWeaver na Pratham Books ne da ke Indiya, an buɗe shi a 2015. Sai Bloom Library na ƙungiyar SIL. Dukkansu suna da littattafan yara masu hotuna da Hausa da Turanci, an kasa su mataki-mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi har zuwa mai dogon labari. Ki zaɓi Hausa a wurin harshe, ki zaɓi mataki na ɗaya ko na biyu, ki sauke a matsayin PDF. Littafi guda bai kai nauyin gajeren bidiyon biki da ake turo miki a WhatsApp ba. Lasisin yawancinsu kuma ya yarda a buga, a yi fotokofi, a raba, har a gyara, muddin an bar sunan marubuci da mai zane.

Wannan izinin gyaran ki riƙe shi da kyau, domin ba kowace Hausa ce a can ta nuna ba. Wani littafin fassara ce aka yi a gurguje, wani kuma an zubar da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ gaba ɗaya, alhali yaron aji biyu yanzu ne yake koyon bambance su. Ki karanta da babbar murya a gida tukuna. Inda harshenki ya yi tuntuɓe, nan ne za ki gyara.

Yadda za a kai shi gaban yara ɗari kuwa, ba sai da majigi ba. Ki sayi kwali da maka, ki kwafe labarin da manyan baƙaƙe, jimla biyu ko uku a kowane kwali, ki rataya a allo. Hotunan ki zagaya da wayar layi-layi su gani, ki tambaye su me suke tsammanin zai faru kafin ki buɗe kwali na gaba. Kwalin nan zai yi miki shekara idan kika adana shi. In hedimasta ya samu 'yan kuɗi, a buga kwafi goma a shagon kwamfuta, yara goma-goma su zagaye kowane ɗaya.

Akwai kuma dabarar da nake so fiye da duka. Ki naɗi muryarki kina karanta labarin a hankali, kina tsayawa bayan kowace jimla don a maimaita. Ki haɗa wayar da 'yar sifikar bulutut irin wadda masu shayi ke kunnawa. Sai masu ɗan ƙoƙari su koma baya da kwalinsu suna bin muryarki, ke kuma ki zauna gaba da waɗanda ko baƙi ba su gama ganewa ba. Waɗannan yaran su ne kullum ake bari a baya a babban aji, don malama ɗaya ba ta rabuwa biyu.

Kada kowace malama ta ƙona datarta a kan abu ɗaya. Ku raba aiki: ke ki sauke labarai biyar, abokiyar aikinki ta sauke biyar, ku yi musaya ta Xender lokacin tara. Ki kuma leƙa Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a watan Maris na 2022. Yana bin manhajar karatunmu, akwai darussa da Hausa a ciki. Airtel ya sanar da cewa shiga shafin ba ya cin data a layinsa, amma ki duba ragowar datarki kafin ki shiga da bayan kin fito, ki tabbatar da idonki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, fizis da lissafi nake koyarwa a babbar sakandare. Muna da ɗaki da aka rubuta wa sunan ɗakin gwaje-gwaje, amma buhunan siminti ne a ciki. Ina da tsohuwar laftof. Ɗalibaina suna haddace dokar Ohm kamar karatun allo, amma ba su taɓa ganin an haɗa batir da ƙwan fitila ba. Daga wani malami a Haɗeja.

AMSA: Malam, wannan fagena ne, don haka ka yi haƙuri in na ja zance.

Nemi PhET. Jami'ar Kolorado da ke Bolda a Amurka ce ke da shi, wanda ya kafa shi a 2002 kuwa Carl Wieman ne, da ya ci kyautar Nobel ta fizis a 2001. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo fiye da 150 a fizis, kimistiri, lissafi da bayoloji. Abin da ya sa nake yaba shi: kowane gwaji fayil ne guda, mara nauyi, kana sauke shi daga shafinsu ka ajiye a laftof ko a waya, ka buɗe shi da Chrome ko babu intanet. Manhajarsu ta Play Store ana biyan 'yan kuɗi, don haka ta shafin za ka bi.

Fara da wanda ake kira Circuit Construction Kit. Kana jawo batir, ka jawo wayar wuta da ƙwan fitila da makunni, ka haɗa su, ƙwan ya kama, kana ganin ɗigon lantarki suna tafiya a cikin wayar. Ka ƙara batir su ƙara sauri. Ka haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, sai wuta ta tashi a allon, abin da ba za ka so ka gwada da hannun ɗan mutane ba.

Sai dai yadda ake amfani da shi ya fi shi kansa muhimmanci. Kuskuren da nake yawan gani shi ne malami ya ɗaga laftof yana ta danne-danne, yara suna kallo kamar an kunna musu fim, a tashi ba abin da ya zauna. Ka juya tsarin. Zana ƙwai biyu a allo, an jera su a layi ɗaya da batir. Tambaye su: idan na cire ɗaya, me zai sami ɗayan? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi, a ɗaga hannu a ƙirga, ka rubuta adadin a gefen allo. Ka bar su su yi gardama, kada ka raba. Bayan nan ne za ka kira su rukuni-rukuni, ɗaya daga cikinsu ya cire ƙwan da hannunsa, duka biyun su mutu. Sannan a sake haɗawa kowane ƙwai da nasa reshen, a cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da haske. Daga nan ka tambaye su wanne ne tsarin wutar gidajensu, tunda ƙwan zaure yana mutuwa na tsakar gida bai sani ba. Yaron da ya yi kuskure a rubuce, ya kuma ga gaskiya da idonsa, ba ya mantawa. Gani ya kori ji.

Sauran rukunan kada su zauna hannu rabbana suna jiran layi. Ka ba su lissafin da za su yi kafin a zo kansu.

Ga lissafi kuma akwai GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya fara a Jami'ar Salzbag ta Ostiriya a 2001. Ana girka shi a laftof ko waya, ba ya neman intanet. Zana da'ira, ka fitar da kusurwar tsakiya da ta gefe a kan baka ɗaya, ka sa ɗalibi ya ja ɗigon gefen ya yi ta yawo da shi. Lambar ba za ta motsa ba, kullum rabin ta tsakiya ce. Abin da kake shan wahalar zanawa da alli da igiya sau biyar, ga shi a minti ɗaya.

Amma Malam, kada laftof ta sa ka yi sake. Jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO da hannu ake yin ta, da kayan gaske. Batirin tocila biyu, ƙaramin ƙwai da guntun wayar wuta ba su fi ƙarfin aljihun ƙungiyar iyaye da malamai ba, a kasuwar garinku ma akwai su. Yaro ya ji yadda waya ke ɗumi a yatsunsa, ya ga yadda haɗin da bai kama da kyau ba ke hana ƙwai kamawa. Wannan kwaikwayo ba ya koyar da shi, don a allon kwamfuta komai yana haɗuwa daidai.

TAMBAYA: Malam, ni shugaban makarantar sakandare ne. Shekarun baya an kawo mana kwamfutoci ashirin, aka yi biki, aka ɗauki hoto. Intanet ɗin da aka haɗa ya ƙare bayan wata shida. Yanzu ɗakin a kulle yake, ina tsoron a lalata a ce ni ne. Ga kuma ɗalibanmu suna zuwa JAMB ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Daga wani firinsifal a jihar Bauchi.

AMSA: Ranka ya daɗe, zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Kwamfutar da aka kulle ma lalacewa take yi: ƙura ta shige ta, ɓera ya ci wayoyinta, batirinta ya mutu. Bambancin kawai shi ne ta lalace ba ta amfani kowa ba. Na san tsoron da kake ji, domin ranar da masu bincike suka zo, adadi suke ƙirgawa, ba wanda zai tambaye ka yara nawa suka koya. Maganin wannan littafin rajista ne: wa ya shiga, yaushe, wace kwamfuta, da sa hannun malamin da ke kula. Abin da ya lalace a bakin aiki a rubuta shi da kwanan wata.

Matsalar ba taku ce ku kaɗai ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba laftof sama da miliyan ɗaya ba tare da an saka su cikin tsarin koyarwa ba, karatun yara kuma bai ƙaru ba. Raba na'ura shi ne ɓangare mai sauƙi, shi ya sa 'yan siyasa suka fi son sa.

Rashin intanet kuwa an riga an yi masa magani. Akwai manhaja mai suna Kolibri, ta wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira Learning Equality. Dominku aka yi ta. Ana girka ta a kwamfuta ɗaya, wadda ta fi lafiya a cikin ashirin ɗin. A ɗauki wannan ɗayar a kai ta inda intanet ke da ƙarfi, a sauke darussan da ake so: bidiyoyin lissafi da kimiyya na Khan Academy tare da atisayensu, gwaje-gwajen PhET da na ambata a sama, littattafan African Storybook da na CK-12. A dawo da ita makaranta a haɗa ta da 'yar na'urar wayfay, ko da babu layi a cikinta. Sauran kwamfutocin, har da wayoyin malamai, sai su shiga ta burauza su ga komai, ba kobo na data. Malami yana buɗe aji a ciki, ya zuba sunayen ɗalibai, ya ba su darasi da gwaji, ya ga wanda ya gama da wanda ya maƙale a tambaya ta huɗu. Ana iya juya fuskar manhajar zuwa Hausa, ko da yake yawancin darussan da Turanci suke. Makarantar da ta riga ta sauke kuma za ta iya zuba wa maƙwabciyarta a filas.

A kan wannan kwamfutar dai a ƙara Kiwix, wanda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba. Ta Turanci cikakkiya da hotuna ta kai wajen gigabayit 100, don haka kada ku ɗauko ta duka. Akwai ƙananan kaso na lissafi, na kimistiri, na likitanci, ta Hausa ma tana nan kuma ba ta da nauyi. Ga 'yan ƙaramar sakandare a sa GCompris, wasanni ne na koyon linzami da madannai da ƙirga. In lasisin Microsoft Office ya ƙare yana ta damunku da saƙo, LibreOffice kyauta ne, yana buɗe fayilolin Word da Excel.

Batun JAMB: tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Abin da ke kayar da yaranmu sau da yawa firgita ce, ba rashin sani ba. Yaro ya zauna gaban allo karon farko a rayuwarsa, agogo na gudu, hannu na rawa. A tsarin JAMB ko linzami ba dole ba ne: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na kai ka tambaya ta gaba, P na mayar da kai baya, S na miƙa aiki. Ɗan aji shida da ya zauna gaban kwamfuta rabin awa kowane mako na zango biyu ya wuce wannan firgitar.

Wuta ita ce za ta ci kuɗi, ba na ɓoye maka. Kada ka ce sai an tayar da ashirin ɗin lokaci guda. Laftof ba ta shan wuta kamar babbar kwamfutar tebur, don haka in akwai su a ciki a fara da su. Biyar da ke aiki kullum da ƙaramin sola sun fi ashirin da ke jiran man janareta. Ka kuma damƙa makullin ga malamin da ke da sha'awar abin, ko da shi ne ƙarami a makarantar, ka rage masa wasu darussan don ya samu sarari.

TAMBAYA: Malam, makin takardu zai kashe ni. Azuzuwa huɗu, kowanne ya haura tamanin. An ce mini Kahoot. Daga wani malami a Gusau.

AMSA: Kahoot, wasan tambaya da amsa na intanet, na da daɗi, amma an gina shi ne a Nowe don ajin da kowane yaro ke riƙe da na'ura mai intanet. Ba naka ba ne, Malam.

Gwada ZipGrade. Kana buga takardar amsa mai gurabun da ake cikewa da fensir, akwai ta tambaya 20, da 50, da 100. Ka shigar da amsoshin daidai a wayarka, sannan ka riƙa ɗora kyamara a kan takardun ɗaya bayan ɗaya, maki na fitowa nan take, ko data a kashe take. Yana kuma nuna maka tambayar da yawancin aji suka faɗi, wanda a wurina ya fi makin amfani, don nan ne za ka koma ka sake koyarwa. Na kyautar takarda 100 ne kawai a wata, kai kuma kana da sama da 300, sai dai ka riƙa juyawa aji-aji.

Plickers kuma kati ne ake bugawa, kowane yaro da nasa, gefe huɗu A zuwa D. Ka yi tambaya, su ɗaga katin da gefen amsarsu a sama, ka share ajin da kyamara. Wayarka kaɗai ke buƙatar data. Katunan 63 ne iyaka, don haka a ajinka sai a zauna biyu-biyu.

Duk wannan na canki-canka ne. Insha'i da lissafin da ake nuna hanya, babu makawa sai jan biro.

TAMBAYA: Baba, ina bautar ƙasa, an ba ni darasin tarihi da na zaman jama'a, ni kuwa aikin gona na karanta. ChatGPT nake sa wa ya rubuta mini shirin darasi. Wani tsohon malami ya ce ha'inci ne. Haka ne? Daga wata 'yar bautar ƙasa a Dutse.

AMSA: 'Yata, ba ha'inci ba ne, amma akwai rami a gabanki, kuma tsohon malamin shi ya hango. ChatGPT da Gemini da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp duk an gina su ne su jera magana mai kama da gaskiya. Sau da yawa gaskiyar ce, wani lokaci kuma ƙirƙira ce, da murya ɗaya suke faɗin duka biyun. Sun fi yin tuntuɓe a inda aka yi ƙarancin rubutu a intanet, wato daidai inda kike koyarwa: jerin sarakunan masarautunmu, shekarun yaƙe-yaƙe, sunayen garuruwa. Wanda ya san fannin zai gane kuskuren da kallo ɗaya. Ke da aka jefa fannin da ba naki ba, ba za ki gane ba, sai ki rubuta a allo yara tamanin su kwafe. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka ki juya aikin. Fara karanta babin a littafin da makaranta ta amince da shi, ki duba abin da manhajar karatu ta ƙasa, wadda hukumar NERDC ke tsarawa, ta ce a koyar. Duk shekara da suna daga littafi za su fito. ChatGPT kuma ki ba shi aikin da ya iya: ki faɗa masa aji nawa ne, yara nawa, minti arba'in ne, babu wuta babu majigi, ki ce ya kawo hanyoyi uku na sa yara su yi magana a kan darasin, ko tambayoyi goma daga bayanin da ke da kanki kika liƙa masa. In kin sa shi ya yi Hausa, ki gyara, don Hausarsa takan fito a sandare. Aya ko hadisi kuwa kada ki taɓa ɗauka daga bakinsa. Sunayen ɗalibai da makinsu ma kada ki zuba masa.

Tunda koyarwa ba fanninki ba ce, nemi kayan TESSA, shirin horar da malaman Afirka da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta, wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta yi aiki da shi. Kyauta ake sauke su, kuma an rubuta su ne da babban aji mara kayan aiki a zuciya. Tsohon malamin nan kuma ki roƙe shi ki zauna bayan ajinsa ki ga yadda yake yi.

TAMBAYA: Malam, gaisuwa daga Nijar. Yawancin abin da kuke ambata na Turancin Ingilishi ne, mu kuwa da Faransanci muke aiki, ga Hausa da aka ayyana harshen ƙasa a 2025. Daga wani malamin lakwal a Maraɗi.

AMSA: Muna amsawa, Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Khan Academy na da sashen Faransanci wanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fassara, yana cikin Kolibri. A Kiwix ka nemi Vikidia, kundin sani ne da aka rubuta don yara 'yan shekara 8 zuwa 13. Sésamath na da littattafan lissafi kyauta, sai dai tsarin karatun Faransa suke bi, ka tace. PhET da GeoGebra duk suna juyawa Faransanci. Ga Hausa kuma, manhajar Bloom ta kwamfuta tana ba ka damar ɗaukar littafi mai hotuna ka zuba naka rubutun da ƙa'idar da kuke bi a can, ka buga. Gboard, manhajar rubutu a waya ta Google, na da madannan Hausa masu ƙugiya, a saituna ake ƙara su.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, Islamiyya nake riƙe da ita. Ina so in buɗe zauren WhatsApp na iyaye don tura hadda. Wani malaminmu kuma yana ɗora bidiyon yara a TikTok, wai talla ce ga makaranta. Daga wani malami a Zariya.

AMSA: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Zauren ka buɗe shi, amma ka saita yadda masu kula kaɗai ke iya turo saƙo, in ba haka ba cikin mako guda zai cika da tallar atamfa da saƙon a tura wa mutum goma. Ka riƙa tura haddar da saƙon murya, gajere, aya uku zuwa biyar. Murya ba ta cin data kamar bidiyo, uwar da ba ta karanta boko ma za ta saurara ta bi ɗanta. Ka tuna akwai gidajen da ba su da babbar waya. Abin da aka tura a zaure a faɗe shi a aji, kada a hukunta yaro a kan wayar da ubansa bai mallaka ba.

Manhajar Ayat ta Jami'ar Sarki Sa'ud kyauta ce, ana sauke ƙira'a a ajiye, ana kuma saita ta ta maimaita aya sau adadin da ake so. Ka lura da riwaya: yawancin manhajoji da Hafsu suke buɗewa, yaron da ya taso da Warshu a makarantar allo zai rikice in ba a faɗa masa ba. Gyaran makhraji kuma sai a gabanka, waya ba ta jin inda yaro ya karkace.

Bidiyon yara kuwa a dakatar da shi yau. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, fuskarsa da muryarsa kuwa suna ciki. Wanda ya fi muni shi ne bidiyon da ake ɗauka yaro ya kasa karatu ana dariya. Shekara goma nan gaba yana nan yana yawo. In makaranta na son talla, a rubuta takarda iyaye su sa hannu, wanda ya ƙi a bar masa ɗansa, kuma kada a haɗa fuska da cikakken suna da unguwa. Waɗanda aka riga aka ɗora ba da izini ba, a sa malamin ya goge su a gabanka.

Wasiƙun da suka shafi jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN da ƙarin girma sun taru, su za mu ɗauka a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.